Me Ya Sa Kwamfutar Cikin Kwamfuta Ke Nauyi Bayan Sinafshot?

Yau kan QEMU za mu tattauna, manhajar da ke tayar da kwamfuta a cikin kwamfuta.

Idan ka ɗauki sinafshot, wato hoton faifanta, ana iya kulle tsohon fayil a buɗe sabo a samansa, duk sabon rubutu can zai tafi. To amma faifan qcow2 a yanke yake gunduwa-gunduwa, kowace kilobait 64 in ba ka canza ba. A ce kilobait 4 kacal za ka rubuta. Dole QEMU ta ware bafa, ɗan wurin ajiya a RAM, ta karanto ragowar kilobait 60 daga tsohon fayil, ta haɗa da naka, ta zuba a sabon. Shi ya sa rubutun farko ke jan ƙafa. In kuwa aka kuskure lissafin bafar nan, bayananka ne za su lalace.

A 2020 QEMU 5.2 ta kawo sauƙi: ana iya raba gunduwa gida 32, kwafin ya ragu sosai. Sai dai tun wajen ƙirƙirar faifan ake kunna shi.

Mu haɗu a shiri na gaba.