Kwasa-kwasan Turanci na Musamman a Jami'o'in Amurka

Jami'o'i da dama a Amurka suna da cibiyar koya wa baƙi Turanci, kuma aikinta ya kasu gida biyu. Akwai kwas na kowa da kowa, wanda ɗalibi kan nema da kansa, a gwada shi, a sa shi ajin da ya dace tare da mutanen ƙasashe daban-daban. Akwai kuma kwas na musamman, wanda ma'aikatar ilimi ko jami'a ko kamfani na wata ƙasa kan nema wa ayarin mutanensa. A nan mai biyan kuɗi ne ke faɗin bukatarsa, jami'a ta auna ta yanka, kamar yadda tela ke ɗinka riga daidai jikin mai ita.

Harkar ta samo asali a 1941, lokacin da Jami'ar Michigan ta buɗe cibiyar Turanci a ƙarƙashin Charles Fries. Ɗalibanta na farko daga Latin Amurka suka zo, a daidai lokacin da gwamnatin Shugaba Roosevelt ke neman jawo maƙwabtanta na kudu a jiki. Tun ran gini, ke nan, ilimi da siyasar ƙetare suna tafiya tare, kuma gwamnatoci sun kasance cikin manyan masu ciniki. Saudiyya ta fara tura dubban ɗalibai a 2005 da tallafin Sarki Abdullah, Brazil ta bi sahu a 2011 da shirinta na kimiyya, Meziko kuma a 2014 ta soma aika ɗalibai da malamai kwas na kamar wata guda.

Kafin a rubuta manhaja sai an binciki bukata: su waye za su zo, ina Turancinsu ya tsaya, me za su yi da shi in sun koma. Ɗaliban jinya na bukatar yadda ake tambayar majiyyaci inda ke masa ciwo, injiniyoyi kuma rubuta rahoto. Mai shirin digiri na biyu dole ya koyi ambaton marubucin da ya ɗauko maganarsa, domin a can kwafe ba tare da ambato ba laifi ne da kan kai ga kora. Hatta lokacin kwas daga wurin baƙi yake zuwa. Jami'o'in Japan, alal misali, sukan turo ayarinsu a Fabrairu da Maris, tunda shekarar karatunsu a Afrilu take farawa.

Kwas na malamai ya fi wuyar tsarawa, saboda abu biyu ake nema a lokaci guda: a gyara Turancin malamin, a kuma sauya yadda yake koyarwa. Akan kai shi wata sakandare ya zauna a bayan aji yana kallo. Zai ga yara sun zauna huɗu-huɗu suna gardama kan wani labari, malamar tana zagayawa, maganarta ba ta kai ta yaran yawa ba. Daga baya shi ma zai koyar da abokan tafiyarsa darasi na minti goma, a ɗauka a bidiyo, a zauna a duba minti nawa ya kwashe yana magana shi kaɗai. Matsalar ita ce ajin da ya baro a gida wataƙila ya ninka wannan sau uku, ga ƙarancin littattafai, ga jarrabawar ƙasa da ba ruwanta da iya magana. Kwas na ƙwarai shi ne wanda ya sa malamin ya rubuta tsarin darasi domin wancan ajin nasa, da allo da alli. Wanda bai yi haka ba, yawon buɗe ido ne aka sa masa suna kwas.

Kwas ɗin yana da ɓangaren al'ada, wanda ba ziyarar gidan tarihi kawai ba ne. Sau da yawa akan saukar da baƙo a gidan wani iyali, a haɗa shi da ɗalibin jami'ar da za su riƙa hira mako-mako. A nan yake gano cewa wani farfesan ya fi son a kira shi da sunansa na yanka, cewa sunkuyar da kai don ladabi ana iya ɗaukarsa rashin gaskiya, kuma ƙarfe tara na nufin ƙarfe tara. Masu masauki su ma sai an shirya su: baƙo Musulmi zai tambayi abincin halal da masallacin Juma'a, kuma ba lallai ya saki jiki da karen da ke kwana a falo ba.

Babban raunin tsarin yana cikin abin da ya sa ake son sa. Mutum ashirin daga ƙasa ɗaya, a aji ɗaya da mota ɗaya, da an tashi sai su koma harshensu. Shi ya sa wasu cibiyoyi ke rarraba su cikin azuzuwan kowa da kowa da safe, su haɗa su da rana. Kuma mako huɗu ko shida ba su cika ɗaga mutum daga mataki zuwa mataki ba a ma'aunin Turai na 2001 mai hawa shida, daga A1 zuwa C2. Abin da aka fi samu shi ne sakin baki da sabon kunne.

Ta fuskar doka, mai bizar ɗalibi ta F-1 dole ya yi aƙalla awa 18 a aji kowane mako, masu zuwa ta musaya kuma J-1 suke karɓa. Tun da aka yi wata doka a 2010, sai cibiyar da ta sami shaidar inganci ce ke da ikon karɓar masu F-1.

Malaman sakandare daga Nijeriya da Nijar da Gana sun shiga irin wannan kwas na mako shida ta hanyar shirin Fulbright. Wani reshen shirin kuma ya sha ɗaukar matasan malaman Turanci na Nijeriya su yi shekarar karatu guda a wata jami'ar Amurka, suna ɗaukar darussa, suna koya wa Amurkawa Hausa ko Yarbanci.