Damuwar Mai Ciki da Lafiyar Jariri: Ina Tushen Abin?

'Yan'uwa manoma, idan gero ya yi kyau a gonar da aka zuba taki, kada mu yi saurin cewa takin ne kaɗai. Wataƙila gonar tana riƙe ruwa, ko kuwa mai ita ya yi noman fari da wuri. Irin wannan wuyar rarrabewa ce masu bincike suke sha a kan ciwon damuwa na mata masu ciki.

Ciwon damuwa ba ƙyuya ba ne, ba kuwa rashin bangaskiya ba. Mace takan kasa barci, abinci ya fita ranta, ta yi makonni cikin baƙin ciki. An lura jariran irin waɗannan mata sukan zo ƙanana, su yi ta rama. Amma damuwar ce ta jawo haka?

Ku duba ƙauyukanmu na Dutse, Kiyawa da Jahun a watan Agusta. Hatsi ya yi ƙasa a rumbu, sauro ya yi yawa, aikin gona bai ƙare ba. Yunwa, zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini da rashin zaman lafiya a gida, kowannensu yana iya karya zuciyar uwa, ya kuma hana jariri girma. Wani lokaci ma ciwon yaron ne yake jefa uwa cikin damuwa.

Don a rarrabe waɗannan, likita Atif Rahman ya yi bincike a ƙauyukan Rawalpindi ta ƙasar Pakistan. A 2004 ya nuna cewa haɗarin rama a wata shida ya kai wajen ninki 4 ga jariran uwaye masu damuwa, bambancin kuwa bai ɓace ba ko da aka cire lissafin talauci. A 2008 aka ba da sakamakon gwaji na biyu, inda ma'aikatan lafiya mata suka riƙa ziyartar uwayen suna ba su shawara. Bayan wata shida, kashi 23 cikin 100 ne suka rage da ciwon, a ɗaya rukunin kuwa kashi 53. Gudawa ta ragu, rigakafi ya ƙaru, amma nauyin yaran bai bambanta sosai ba.

Ashe sai an kula da zuciya da rumbu tare. Ƙungiya ta ware hatsi, wake da gyaɗa domin masu ciki tun daga kaka. Maigida ya rage wa matarsa ɗaukar ruwa da itace, ya sama mata gidan sauro, ya kai ta awon ciki. Zumuntar Mata su riƙa ziyara. Idan baƙin cikin ya wuce mako biyu, a gaya wa ma'aikaciyar asibiti.