Abubuwan Mamaki Game da Layi, Launi da Ma'aunin Zane

Duk zanen da ido ya gani, a bango ko a takarda, daga abubuwa kaɗan aka gina shi: layi, launi, siffa, haske da inuwa. Masu ganin zane wasan yara ne su tsaya su ji tarihin waɗannan abubuwa.

Layi shi ne babba. A kogon Blombos da ke Afirka ta Kudu an tono wani guntun dutse mai layuka tara da aka ja da jar ƙasa, sun gitta juna. Masana sun ƙiyasta shekarunsa sun kai 73,000.

Shuɗin da masu zanen Turai suka fi so a da, daga wani dutse mai daraja ake niƙa shi, wanda ake haƙowa a duwatsun Badakshan a Afganistan. Akwai lokacin da tsadarsa ta wuce ta zinariya, shi ya sa mai ba da aikin zane yakan rubuta a yarjejeniya yawan shuɗin da za a sa. Sai a shekarun 1820 wani Bafaranshe, Jean-Baptiste Guimet, ya haɗa irinsa a masana'anta. Shuɗin baba kuwa mamakinsa daban ne. Wanda ya taɓa tsayawa a karofin Ƙofar Mata a Kano ya san cewa zane yakan fito daga rijiyar rini da ɗan kore-kore, sai ya sha iska sannan ya rikiɗe ya zama shuɗi.

Wani ja mai ƙarfi da Sifaniyawa suka riƙa kwasowa daga Meziko, daga jikin wasu ƙananan ƙwari ake matso shi. An kuma yi wani launin ruwan ƙasa da ake haɗawa da niƙaƙƙun gawarwakin mutanen Masar na da, aka yi ta sayar da shi a Turai har cikin ƙarni na 20. Wannan kam abin ƙyama ne, kuma wasu masu zanen da suka gano asalinsa sun daina taɓa shi.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na Michel Chevreul. A 1824 aka naɗa shi shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins a Paris. Masaƙa suna ta ƙorafi cewa baƙin zaren da ake ba su ya koɗe. Ya gwada rinin ya ga ba shi da laifi ko kaɗan. Ashe launin da aka jera kusa da baƙin ne yake yaudarar ido: baƙi kusa da shuɗi yakan yi kamar ya dushe. Ya fitar da littafi a kan haka a 1839, kuma daga baya manyan masu zanen Faransa suka gina salonsu a kansa. Duk macen da ke kara mayafi a jikin atamfa kafin ta biya kuɗi, da wannan ilimin take aiki. Babu launin da ido ke gani shi kaɗai, kullum da maƙwabcinsa yake auna shi.

Yaya ake sa takarda shimfiɗaɗɗiya ta nuna nisa da zurfi? Filippo Brunelleschi ya nuna dabarar a birnin Florence na Italiya a farkon ƙarni na 15, wani masani mai suna Alberti kuma ya rubuta ƙa'idojinta a 1435: layukan da ke tafiya nesa duk su nufi ɗigo guda. Amma shekara ɗari huɗu kafin su, Ibnul Haisam ya riga ya tabbatar a Alƙahira, cikin Kitabul Manazir, cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo. An fassara littafin zuwa Latin, Turawa suka karanta.

Ma'auni ma haka. Mutanen Masar na da sukan ja gidaje murabba'i 18 daga tafin ƙafa zuwa goshi kafin su zana mutum a tsaye. Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a 940, ya mai da ɗigon alƙalami mudun auna haruffa, alifi kuma ya zama sandar da ake gwada sauran da ita.

Wani abin mamakin kuma: a 2022 aka gano cewa wani zanen Piet Mondrian da ke Düsseldorf a Jamus ya shafe shekara 75 a rataye kai ƙasa. An bar shi a haka, don gudun kada ya lalace in an juya shi.

Mai karatu, gwada wannan da kanka: ƙura wa jan abu ido na rabin minti, sannan ka dubi farin bango. Za ka ga siffarsa ta bayyana da launi mai kama da kore.