Ciwon Damuwa a Tsakanin Ɗalibai: Hukuncin Shari'a da Wajibcin Neman Magani

Babu saɓani tsakanin malamai cewa kashe kai haramun ne, kamar yadda aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta tabbatar. Sai dai faɗin hukunci kaɗai bai wadatar wajen tsare rai ba, alhali kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a guda biyar da Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi suka yi bayaninsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum 700,000 ne ke hallaka kansu duk shekara, kuma wannan yana cikin manyan sanadin mutuwar masu shekara 15 zuwa 29, wato tsarar ɗalibanmu.

Ciwon damuwa ya bambanta da baƙin cikin yau da kullum. Likitoci suna gane shi idan ƙunci ya zarce mako biyu, tare da rashin sha'awar abin da aka saba so, rikicewar barci da cin abinci, kasala, ganin kai ba shi da amfani, da tunanin mutuwa. Magabata sun san wannan bambanci. Abu Zaid al-Balkhi (ya rasu 322 Hijira) a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus ya raba baƙin ciki gida biyu: mai sanannen dalili, kamar rashin masoyi, da wanda ke sauka ba dalili, wanda ya danganta shi da jiki, ya ce yana buƙatar magani. Annabi Yaƙub (AS) ma ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, wannan kuwa bai tauye imaninsa ba. Saboda haka, gaya wa ɗalibi mai wannan lalura cewa raunin imani ne kawai ke damunsa yakan sa ya ɓoye ciwonsa.

Matashin da ya baro Achilafiya, Roni ko Gwiwa zuwa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura, yakan haɗu da kewar gida, ƙarancin guzuri da tsoron faɗuwa jarrabawa. Abokin ɗakinsa da limamin masallacin makaranta su ne farkon masu lura da sauyinsa. Idan ya janye daga jama'a, ko ya fara ambaton gajiya da rayuwa, a tambaye shi kai tsaye cikin tausasawa, domin tambayar ba ta cusa tunanin. Kada a bar shi shi kaɗai, a sanar da iyayensa, a kai shi asibiti. Akwai asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kazaure, da na Dawanau a Kano. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare haƙƙin majinyaci.

Addu'a da ruƙiyya ta Shari'a suna tafiya tare da maganin likita, domin Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da neman magani. Allah ne Mafi sani.