Bishop ɗin da Ya Sauka daga Kujera da Ƙafarsa

A shekarar 1984, shekarar yunwar da mutanen karkara ke kira El Buhari, shugaban 'yan Katolika na Nijar ya ajiye muƙaminsa. Sunansa Hippolyte Berlier, Bafaranshe ne, an haife shi a 1919. Dokar cocinsu ta ba bishop damar riƙe kujera har ya cika shekara 75, shi kuwa yana da 65 ya ce ya isa.

Kujerar ba ƙarama ba ce. Tun 1961, shekara guda bayan samun 'yancin kai, Fafaroma Yohanna na 23 ya naɗa shi bishop na farko na Yamai, kuma a lokacin ƙasar Nijar ɗungurungum dayosis ɗaya ce, daga Gaya har Bilma. Maraɗi ba ta samu nata bishop ba sai a 2001. Mishan ɗin Dogon Dutsi, wanda 'yan ƙungiyarsa ta Redemptorist suka buɗe a ƙarshen shekarun 1940, yana ƙarƙashinsa, da makarantarsa wadda yaran Arewa, wato ƙasar Dogon Dutsi, da yawa, 'ya'yan Musulmi da 'ya'yan 'yan bori, suka koyi karatun boko a cikinta. Ya zauna a babban taron bishop-bishop na duniya da aka yi a Fadar Vatican daga 1962 zuwa 1965. Ya ga zamanin Diori Hamani, ya ga na Seyni Kountché. Ya shekara 23 ana durƙusa masa.

Wanda ya girma a Arewa ya fi kowa sanin nauyin wannan lamari. A ƙasar da ake neman sarauta shekara da shekaru, gidaje su yi ta ja-in-ja a kanta daga Matankari har Tibirin Samna, ba a saba ganin mai rawani ya kwance shi da hannunsa yana da sauran ƙarfi ba. Mutuwa ce ke sauke sarki, ko gwamnati. Abin bai tsaya a fada ba. A ƙungiyar manoma, a kwamitin masallaci, a majami'a, sau nawa muka ga an raba gari biyu saboda wani ya ƙi tashi?

Da ya sauka, kowa zai zaci Faransa zai nufa, inda 'yan uwansa suke, inda akwai asibiti da sanyi. Sai ya yi arewa, ƙasar Agadas, tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Yamai, ya zauna cikin Abzinawa waɗanda fari ya karkashe musu dabbobi. A can ƙungiyarsu tana da ɗan mishan a Cirozerin, wanda Fada Jean Ploussard ya kafa kafin rasuwarsa a 1962. Wuri ne da Kirista ba su da yawa ko kaɗan, babu taron jama'a mai cika coci, babu wanda zai yi masa rakiya da waƙa. Mutumin da jiya yake tura fada-fada inda ya ga dama ya koma ɗaya daga cikinsu, wani ne ke ba shi umarni. A can ya ƙare kwanansa, ya rasu a Agadas a 1992.

'Yan Katolika suna da wata al'ada da ke bayyana tushen wannan hali. Kowace shekara, ranar Alhamis ɗin da ke zuwa kafin Ista, limamin coci yakan tuɓe babbar rigarsa, ya ɗaura tawul a ƙugu, ya ɗauki buta da kwano, ya durƙusa gaban mutum goma sha biyu ya wanke musu ƙafa, kamar yadda Linjilar Yohanna ta ce Yesu ya yi wa almajiransa. A Dogon Dutsi wannan rana tana faɗowa ne cikin bazara. Ƙafar da ake miƙo masa ta sha rairayi mai zafi, diddige ya yi faso, ƙura ta shiga tsakanin yatsu, ruwan kwanon ya koma ja tun kafin a kai mutum na uku. Ni a ganina, yin wannan sau ɗaya a shekara ba wuya, ana yi a tashi a mayar da riga. Berlier ya tuɓe tasa bai sake mayarwa ba, shekara takwas.

Abin da ya yi bai mutu da shi ba. Guy Romano ya gaje shi, sannan Michel Cartatéguy, wanda ya zama babban bishop na Yamai a 2007. Shi ma a 2014 ya ajiye, shekarunsa sittin da 'yan kai, da sauran fiye da goma a gabansa. Saukarsa ce ta buɗe hanya ga Laurent Lompo, Bagurme daga yankin Makalondi, ɗan Nijar na farko da ya hau wannan kujera. Kafin a yi bikin ɗora shi, tarzomar Janairun 2015 ta ɓarke, aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai. Cartatéguy, wanda ya riga ya ajiye muƙami, yana nan Yamai a waɗannan kwanaki, yana riƙe da jama'ar har magajinsa ya karɓa a watan Yuni. Daga nan ya koma Faransa.