Ohio Ba Boka Ba Ce

Duk sa'ad da zaɓen Amurka ya ƙarato, sai ka ji masu sharhi a rediyo, har da majalisar mai shayi, suna cewa wanda ya ci jihar Ohio shi zai shiga White House. Ban ga laifinsu ba. Daga 1964 zuwa 2016, zaɓe 14 a jere, duk wanda jihar ta zaɓa shi ya hau mulki. Sai dai, tare da girmamawa, an ɗora wa sunan da ake kiranta da shi kayan da ba nasa ba.

Turawa suna ce wa irin wannan jiha bellwether, mu kuma mukan ce manuniya. Kalmar ta makiyayan Ingila ce: dandaƙaƙƙen rago da ake rataya wa ƙararrawa a wuya, yana tafe a gaban garke. Ko hazo ya rufe tudu, makiyayi ya ji ƙarar, ya san inda tumakinsa suka dosa. Iyakar aikin ƙararrawar ke nan. Ba ta san inda garken zai kwana gobe ba.

Abin da ya sa Ohio ta daɗe tana dacewa shi ne ta yi kama da ƙasar baki ɗaya: masana'antu a Cleveland da Toledo, gonakin masara a karkara, baƙaƙen fata a birane, ƙungiyoyin ƙwadago masu ƙarfi. Da masana'antu suka ja baya, fararen ma'aikata da yawa suka koma jam'iyyar Republican, sai kamannin ya gushe. A 2020 Trump ya cinye jihar da ratar kusan kashi 8 cikin ɗari, amma Biden aka rantsar.

Mu da muka tashi muna ganin shamuwa a kan tsamiyar ƙofar gida bai kamata wannan ya ruɗe mu ba. Zuwanta alama ce damina ta kusa, amma babu manomin kirki da zai zuba irinsa a busasshiyar ƙasa don ya ga ta fara sheƙa. Sai ya tona, ya ga inda laima ta kai.

Ohio ma ba ita ce farau ba. Jihar Missouri ta riƙe sunan manuniya daga 1904 zuwa 2004, sau ɗaya kacal ta kuskure, a 1956. A 2008 ta bi McCain na Republican da ratar da ba ta kai ƙuri'a 4,000 ba, Obama ya wuce abinsa, kuma tun daga nan ba ta sake zaɓar ɗan Democrat a kujerar shugaban ƙasa ba.