Lasisin Manhaja a Haɗejiya: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

A shagunan buga takardu na Haɗejiya, da tsakanin ɗaliban kwalejin fasaha ta Binyaminu Usman da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, akwai maganganun da ke yawo game da rubutun nan da ke fitowa a kusurwar dama ta ƙasan fuskar kwamfuta yana neman a tabbatar da lasisin Windows. Wasu na cewa idan aka ƙyale shi kamfanin Microsoft zai goge duk abin da ke cikin na'urar. Wasu kuma na cewa duk wanda ya tabbatar da lasisi ta intanet ya miƙa wa Amurka asirinsa, don haka gara a kai wa mai gyara ya "fasa" manhajar. Ni a ganina an ajiye tsoro inda babu haɗari, an kuma saki jiki inda haɗarin yake.

Batun gogewa ƙarya ne. Kamfanin Microsoft ya shigo da tsarin tabbatar da lasisi a 2001, tare da Office XP da Windows XP, kuma manufarsa ita ce hana a yi amfani da mabuɗi ɗaya mai haruffa da lambobi 25 a kwamfutoci barkatai. A Windows 10 da 11, wanda bai tabbatar da lasisi ba, zai ci gaba da ganin rubutun, za a kuma hana shi wasu gyare-gyare kamar canza launi da hoton fuska, amma fayilolinsa suna nan. Office ya fi tsanani: yana barin mutum ya buɗe takarda ya karanta, ya hana shi rubutu. Wannan ne ke tsorata mai shago idan ya wayi gari Word ya ƙi aiki, sai ya ɗauka an kwashe masa kaya, alhali ko harafi ɗaya bai ɓata ba.

Zancen leƙen asiri ya fi wuyar warwarewa, domin ƙaryar ta jingina da gaskiya. Abin da tabbatar da lasisi ke aikawa shi ne bayanin mabuɗin da wata lamba da aka tsamo daga kayan cikin na'urar, ba wasiƙu ko hotuna ba. Sai dai gaskiya ne Windows na tura wa kamfanin bayanai kan yadda na'ura ke aiki, kuma Windows 11 na matsa wa mutum ya buɗe asusun Microsoft tun wajen saita shi. Mai damuwa da haka yana da hujja. Amma fasa manhaja ba ya rufe wannan ƙofa ko kaɗan, wata ƙofar yake ƙara buɗewa. Masu sa manhajar fasawa ta KMSpico da ire-irenta kan fara da kashe rigakafin kwamfutar, sannan su ba wa manhajar da ba a san wanda ya rubuta ta ba cikakken iko. A Disamban 2021 kamfanin tsaro na Red Canary ya bayyana yadda jabun KMSpico ke shigo da CryptBot, mai satar kalmomin sirri da aka ajiye a burauza. A shagon da jama'a ke cike fom ɗin makaranta da na neman aiki, da lambobin NIN ɗinsu, asarar ba ta mai shago kaɗai ba ce.

Akwai kuma abin da jama'a ke faɗa wanda yake daidai. Lasisin Windows yana ɗaure da babban allon cikin kwamfuta, don haka wanda ambaliya irin ta 2022 ta jiƙa wa na'ura a Auyo ko Guri, ko wuta ta ƙona masa allon har aka canza shi, zai iya ganin lasisinsa ya ɓace. A nan haɗa lasisin da asusu ke da amfani, domin ta hanyarsa ake maido da shi, in nau'in lasisin ya yarda da haka. Daidai ne kuma cewa Microsoft 365 na buƙatar shiga intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30, amma Office 2021, wanda ake saya gaba ɗaya, ba haya ba ne. Mabuɗan da ake sayarwa da araha sau da yawa na ma'aikatu ne, irin tsarin KMS da ke neman sabuntawa cikin kwana 180, shi ya sa suke mutuwa bayan 'yan watanni.

Hujja mafi ƙarfi ta masu fasawa ita ce kuɗi, kuma ba abin rainawa ba ne ga mai shagon da ke sayen fetur don janareta. Sai dai tsada ba ta halatta kayan wani ba, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta kare manhajar kwamfuta kamar yadda ta kare littafi. LibreOffice kyauta ne, yana buɗe takardun Word da Excel, ba ya neman mabuɗi, ko da yake tsarin wasu takardu kan ɗan goce. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 da Office 2016 da 2019 bisa tsarinsa na yau da kullum, don haka tsofaffin kwamfutocin da ba za su ɗauki Windows 11 ba sun fi dacewa da Linux, irin su Ubuntu ko Mint.